Motsi Ya Fi Laɓewa: Gudummawar Farfesa Margaret McNeely ga Ilimin Farfaɗo da Jikin Masu Ciwon Daji

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda fannin farfaɗo da jikin masu ciwon daji ya samu gindin zama a jami'o'i da asibitoci, ta hanyar bin diddigin ayyukan Margaret McNeely, farfesar fisiyo a Jami'ar Alberta da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada. An dubi bincikenta a kan ciwon kafaɗa bayan tiyatar wuya da kumburin hannu bayan jinyar sankarar mama, da yadda ta fitar da sakamakon binciken daga harabar jami'a zuwa cikin al'umma. Maƙalar ta nuna cewa tsohuwar shawarar da ake bai wa majinyaci ta ya kwanta ya huta ta kau ne sakamakon gwaje-gwajen da aka auna, kuma har yanzu akwai tazara tsakanin abin da bincike ya tabbatar da abin da majinyata ke samu.

1.0 Gabatarwa

Ƙididdigar Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta nuna cewa a shekarar 2022 mutane kimanin miliyan 20 ne aka gano sun kamu da ciwon daji, kuma kimanin miliyan 9.7 suka rasu ta dalilinsa. Akwai adadi na uku da ba a cika ambata ba: mutane kimanin miliyan 53.5 suna raye cikin shekara 5 da gano cutar a jikinsu. Da yawa daga cikinsu an cire musu ƙarin, an sallame su daga asibiti, amma sun koma gida da hannun da ba ya ɗaguwa, ko kumburin da ba ya sacewa, ko kasalar da barci ba ya maganinta. Likitan tiyata ya gama nasa aikin, saura wanda zai mayar da mutum ga sana'arsa da hidimar gidansa.

Wannan giɓi shi ne fagen da McNeely ta shafe rayuwar aikinta a ciki. Ta yi aikin kula da majinyata a matsayin ma'aikaciyar fisiyo a Cibiyar Ciwon Daji ta Cross da ke Edmonton, kuma daga tambayoyin da ta ci karo da su a wurin majinyata ne bincikenta ya tsiro.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Hausawa suna kiran wannan cuta ciwon daji ko sankara, wasu kuma su ari kalmar kansa. Fannin fisiyo kuwa an fi saninsa da sunan gashin ƙashi, domin galibi mai karaya ko targaɗe ko shanyewar ɓarin jiki ake gani a sashen. Wannan suna ya ƙuntata fannin, saboda aikin ya haɗa da tsoka da jijiya da numfashi da ƙarfin zuciya, kuma mafi yawansa horar da jiki ne ta hanyar motsi. Bugu da ƙari, kalmar gashi tana iya kawo ruɗani a nan, tunda da ita ake kiran ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura. Saboda haka maƙalar ta yi amfani da "fisiyo" ga fannin, da "gashin haske" ga jinyar na'ura, da "kemo" ga magungunan da ake ɗurawa domin kashe ƙwayoyin cutar. "Farfaɗo da jiki" kuma yana nufin duk matakan da ake ɗauka don mutum ya sake iya amfani da gaɓɓansa gwargwadon hali.

3.0 Yanayin Fannin Kafin Zuwanta

Tunanin farfaɗo da masu ciwon daji ya girmi McNeely. Wani likita a birnin New York, J. Herbert Dietz, ya kasa aikin gida huɗu: na rigakafin nakasa tun kafin ta auku, da na mayar da jiki yadda yake, da na tallafa wa wanda nakasa ta zauna masa, da na sauƙaƙa wahala ga wanda cutar ta yi nisa a jikinsa. A shekarar 1978 Justus Lehmann da abokan aikinsa sun binciki majinyata 805 a Amurka, suka tarar da yawansu na fama da matsalolin da za a iya magancewa, amma ba a tura su inda za a duba su ba.

Duk da haka, shawarar da ta fi rinjaye a asibitoci ita ce majinyaci ya huta. Farkon waɗanda suka ƙalubalanci wannan da gwaji su ne Maryl Winningham da Mary MacVicar na Jami'ar Jihar Ohio. A 1989 suka wallafa sakamakon gwajin mata 45 masu karɓar kemo saboda sankarar mama, inda waɗanda suka yi mako 10 suna tuƙa keken motsa jiki suka samu ƙaruwar ƙarfin numfashi da kusan kashi 40 cikin 100. A 1996 kuma Don McKenzie, likitan wasanni a Jami'ar British Columbia, ya tara mata 24 da suka yi jinyar sankarar mama, ya horar da su tuƙin dogon kwale-kwale irin na tseren ƙasar Sin a birnin Vancouver, domin gwada gargaɗin da ake yi musu cewa aikin ƙarfi da hannu zai jawo kumburi. Waɗannan yunƙure-yunƙure sun buɗe ƙofa, sai dai mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma likitoci na bukatar hujja mai ƙarfi kafin su sauya abin da suka gada.

4.0 Kafaɗar da Ta Zube: Bincike a kan Sankarar Kai da Wuya

Idan sankara ta kama baki ko maƙogwaro, likitan tiyata yakan buɗe wuya ya kwashe kaluluwar da ake zargin cutar ta yaɗu zuwa cikinta. A daidai wurin ne wata jijiyar saƙo take ratsawa, ta 11 daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ita ce ke bai wa babbar tsokar da ta shimfiɗu daga ƙeya zuwa kafaɗa da gadon baya umarnin motsi. Ko da likita bai yanke ta ba, jan da ake yi mata a lokacin aiki yana iya raunana ta na tsawon watanni. Idan tsokar ta daina samun saƙo, allon kafaɗa yakan zube ya karkato gaba, ɗaga hannu sama ya gagara, ciwo kuma ya zauna. Mutumin da aka ce ya warke daga sankara sai ga shi ba ya iya sa riga ko ɗauko kaya daga kan kanta.

Abin da aka saba yi wa irin waɗannan majinyata shi ne miƙa gaɓɓai da motsi mai sauƙi. Tunanin McNeely shi ne, tunda akwai wasu tsokoki a kewayen allon kafaɗa da jijiyarsu ba ta taɓu ba, idan aka ƙarfafa su da ɗaga nauyi, ana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan, za su iya ɗauke wa raunanniyar tsokar wani ɓangare na aikinta. Ta fara da ƙaramin gwaji na mutane 20 wanda aka wallafa a 2004, domin a ga ko majinyata za su iya jure horon. Da aka ga sun jure, sai ta faɗaɗa shi.

A gwajin da aka wallafa a mujallar Cancer a 2008, an raba mutane 52 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: 27 suka yi horon ɗaga nauyi, 25 suka yi motsin da aka saba, duka na tsawon mako 12. Hikimar rabo da ƙuri'a ita ce kada mai bincike ya zaɓi masu ƙarfi ya zuba a ɓangaren da yake so ya yi nasara. A ƙarshe rukunin masu ɗaga nauyi ya fi samun raguwar ciwo da nakasar kafaɗa, ya kuma fi ƙarfin hannu da juriya. Muhimmancin wannan sakamako shi ne ya shafi rukunin majinyatan da bincike ya daɗe da mantawa da su, domin mafi yawan nazarin motsa jiki a lokacin a kan masu sankarar mama ake yin sa.

5.0 Sankarar Mama da Kumburin Hannu

5.1 Yadda kumburin ke faruwa

Baya ga jini, akwai wani farin ruwa da ke zagaya jiki ta cikin siraran hanyoyi, yana bi ta kaluluwa ana tace shi kafin ya koma cikin jini. Ruwan da ke fitowa daga hannu ta hammata yake wucewa. Idan aka cire kaluluwar hammata, ko gashin haske ya ƙona wurin, magudanar takan toshe, ruwan ya taru a hannu. Da farko mace takan ji nauyi ko zobe ya matse ta, daga baya hannun ya kumbura, fata ta yi kauri, ƙwayoyin cuta su samu sauƙin shiga. Kusan mace 1 cikin 5 da suka yi jinyar sankarar mama tana gamuwa da wannan matsala. Kamanninsa ɗaya da tundurmi ta fuskar toshewar magudanar ruwa, amma sanadin ya bambanta.

5.2 Tausa ko ɗauri?

Jinyar da aka gada daga Turai ta haɗa wata tausa ta musamman mai tura ruwa, da ɗaure hannu da bandeji hawa-hawa. Tausar tana cin lokaci da kuɗi, kuma sai ƙwararre ke yin ta. A 2004 McNeely da abokan aikinta suka wallafa gwajin mata 50, rabi aka yi musu ɗauri kaɗai, rabi aka haɗa musu da tausa, na mako 4. Kumburin ya ragu sosai a rukunan biyu, kuma ba a ga bambancin a zo a gani tsakaninsu ba, sai ga masu ƙaramin kumburi, waɗanda tausar ta ƙara wa amfani. Abin da wannan ya nuna shi ne ɗaurin ne ƙashin bayan jinyar. Ga asibitin da ma'aikatansa ba su da yawa, wannan bayani ne mai yanke shawarar inda za a kashe lokaci.

Bayan kusan shekara 18 ta koma kan batun ta wata fuska. Mata kan sa safar hannu mai matsewa da rana, su cire da dare, kumburin ya dawo. A gwajin da aka wallafa a 2022, wanda ya ƙunshi mata 120 a cibiyoyi uku na Kanada, an kwatanta safar rana kaɗai da safar rana haɗe da matsewar dare, ko dai da bandeji ko da wata riga ta hannu da aka ƙera don haka. Waɗanda suka ƙara da matsewar dare sun fi samun raguwar kumburi.

5.3 Tattara hujjoji

Gwaji ɗaya ba ya sauya al'adar asibiti, don haka wani babban ɓangare na aikinta shi ne tace nazarce-nazarcen da wasu suka yi. A 2006 ita da Kristin Campbell da Kerry Courneya da wasu suka wallafa bita a mujallar Ƙungiyar Likitocin Kanada. Daga nazarce-nazarce 136 da suka tattaro, 14 kacal suka cika sharuɗɗan inganci. Waɗannan sun nuna cewa motsa jiki yana kyautata ingancin rayuwa da ƙarfin numfashi da aikin gaɓɓai, yana kuma rage kasala. Yawan waɗanda aka zubar shi kansa shaida ne a kan raunin fannin a wancan lokaci.

A 2010 ta jagoranci bitar Cochrane a kan matsalar kafaɗa da hannu bayan tiyatar mama, wadda ta haɗa nazari 24 da mahalarta 2,132. Bitar ta amsa tambayar da likitocin tiyata da ma'aikatan fisiyo suka daɗe suna jayayya a kai: yaushe ya kamata mace ta fara motsa kafaɗa? An gano cewa farawa da wuri yana saurin dawo da ɗaga hannu, amma yana ƙara yawan ruwan da ke tsiyaya daga rauni da kwanakin da yake ɗauka. Ba a kuma sami alamar cewa motsin yana ƙara haɗarin kumburi ba. Wannan ya zo daidai da gwajin Kathryn Schmitz na 2009 a Amurka, inda aka raba mata 141 masu kumburin hannu gida biyu: kashi 14 cikin 100 na masu ɗaga nauyi ne kumburinsu ya tashi, idan aka kwatanta da kashi 29 na waɗanda ba su ɗaga ba. Gargaɗin da aka shafe shekaru ana yi wa mata ya tabbata ba shi da tushe, matuƙar an fara da ƙaramin nauyi an kuma bi a sannu.

5.4 Sa ido tun kafin tiyata

A 2012 mujallar Cancer ta fitar da kundi na musamman a kan tsarin sa ido tun da wuri, wanda ma'aikaciyar fisiyo Nicole Stout ta yi fice wajen yaɗawa, McNeely kuma ta jagoranci rubuta sashen da ya shafi matsalolin bayan tiyata. Tsarin ya ce a auna kaurin hannu da motsin kafaɗa tun kafin a yi aiki, a ci gaba da aunawa lokaci-lokaci bayansa. Dalili shi ne hannayen mutum biyu ba sa zama daidai tun asali, don haka in babu awon farko, ba a gane ƙaramin canji sai ya zama babba.

6.0 Koyarwa da Isar da Ilimi ga Al'umma

McNeely tana koyarwa a Sashen Fisiyo na Tsangayar Ilimin Farfaɗo da Jiki, tana da alaƙar aiki da sashen ciwon daji, tana kuma shugabantar asibitin binciken farfaɗo da masu ciwon daji da ke ginin Corbett na jami'ar. A Kanada sai da digiri na biyu ake shiga aikin fisiyo, kuma abin da ɗalibi zai koya game da mai ciwon daji ya wuce sanin tsoka da gaɓa. Dole ya iya karanta sakamakon gwajin jini, domin kemo yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini da masu yaƙar cuta. Dole ya san cewa ƙashin da cutar ta yaɗu zuwa cikinsa yana iya karyewa da ɗan nauyi, cewa wasu magungunan kemo suna raunana tsokar zuciya, wasu kuma suna kashe jin tafin ƙafa har mutum ya riƙa faɗuwa, sannan gashin haske yana sa nama ya taurare ko bayan shekaru. Ƙwarewar ita ce sanin wa zai motsa, da wane nauyi, da kuma ranar da ya kamata a dakata.

Asibitin jami'a ba zai ɗauki majinyatan lardi guda ba. Saboda haka a 2017 ita da Farfesa Nicole Culos-Reed ta Jami'ar Calgary suka ƙaddamar da Shirin Motsa Jiki na Masu Ciwon Daji na Alberta. Shiri ne na mako 12, ana haɗuwa sau 2 a mako a cibiyoyin motsa jiki na unguwanni. Ana tantance kowane majinyaci kafin ya shiga, ana kuma bai wa masu horarwa na cibiyoyin ilimi na musamman game da cutar. An tsara shirin ne domin ya amsa tambaya biyu a lokaci guda: ko motsin yana amfani a wajen ɗakin gwaji, da kuma me ke hana shi zama ɓangare na jinyar yau da kullum. Da annobar korona ta rufe cibiyoyi a 2020, azuzuwan suka koma ta intanet, abin da ya sauƙaƙa wa mazauna nesa da birane shiga.

7.0 Matsayin Fannin a Yau da Iyakokinsa

A 2010 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta shawarci masu ciwon daji da su guji zaman kashe jiki. A 2019 aka sabunta shawarar ƙarƙashin jagorancin Kristin Campbell, wadda ita ma farfesar fisiyo ce a Jami'ar British Columbia, aka ƙayyade ta kamar yadda ake ƙayyade magani: motsi mai ɗaga numfashi na minti 30 sau 3 a mako, da ɗaga nauyi sau 2 a mako. A 2025 kuma Kerry Courneya, abokin aikin McNeely a Alberta, ya jagoranci wallafa gwajin mutane 889 masu sankarar babban hanji. Bayan shekara 5, kashi 80.3 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin motsa jiki suna raye cutar ba ta dawo ba, idan aka kwatanta da kashi 73.9 na waɗanda aka ba takardun wayar da kai kaɗai. Tambayar ta tashi daga jin daɗin jiki zuwa tsawon rai.

Adalci ya wajabta a ambaci iyakokin waɗannan bincike. Mutane 50 ko 52 adadi ne ƙarami. Ba a kuma iya ɓoye wa majinyaci rukunin da ya faɗa, kamar yadda ake yi da ƙwayar magani, saboda haka tsammaninsa yana iya shafar amsar da zai bayar game da ciwo. Waɗanda ke amsa gayyatar gwaji galibi su ne masu ƙarfi da hali da abin hawa. Sannan an gudanar da ayyukan a ƙasar da gwamnati ke biyan kuɗin jinyar asibiti kuma ake yawan gano cutar da wuri. A wuraren da majinyata ke isa asibiti bayan cutar ta yi nisa, kaso na uku da na huɗu na rabe-raben Dietz, wato tallafi da sauƙaƙa wahala, su ne za su fi yawa, kuma a nan hujjojin ba su kai na sauran ƙarfi ba. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2017, mai hangen shekarar 2030, yana kira ne ga ƙasashe da su sanya farfaɗo da jiki cikin ainihin tsarin kiwon lafiyarsu.

8.0 Kammalawa

Ayyukan Margaret McNeely sun bi tafarki ɗaya: matsalar da aka gani a jikin majinyaci, sai ƙaramin gwaji, sai babban gwaji, sai tace hujjoji, sai horar da waɗanda za su aiwatar. Ta haka aka san cewa kafaɗar da tiyatar wuya ta raunana tana amfana da ɗaga nauyi, cewa ɗauri ne jigon rage kumburin hannu, kuma motsa hannu bayan tiyatar mama ba ya jawo kumburin da ake tsoro. Mafi yawan kayan aikin, wato bandeji da tef na awo da ƙananan ƙarafan ɗagawa, ba su da tsada. Abin da ke da wuyar samu shi ne ma'aikacin da aka horar, da likitan da zai tura majinyaci gare shi a kan lokaci. Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aikin da ke jiransu: muddin sunan gashin ƙashi ne kaɗai jama'a suka sani, matar da aka yi wa tiyatar mama ba za ta ga dalilin zuwa sashen ba, tunda ƙashinta lafiya lau yake. Samar da kalmomin da za su bayyana kumburin, da matsewar, da horon gaɓɓai cikin Hausar da majinyaci zai fahimta, wani ɓangare ne na jinyar kanta.